Sai An Yi Addu'a Yake Zama

Farfesa ake ce masa, ko da yake jami'a ba ta taɓa amincewa da wannan ra'ayi ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyar da falsafa, ya yi ritaya saura taki ɗaya ya hau kujerar, sai dangi suka ga ba za su zuba ido a cuci ɗansu ba, suka naɗa shi a gida. Bai musa ba. Shi ne abu ɗaya a duniya da bai yi gardama a kansa ba.

Ran Litinin da la'asar ya iso gidan yayarsa da jaka ɗaya da takarda ɗaya. Jakar ta kwana huɗu ce, don washegari za a yi wa Yaya aiki a ciki, kuma dole wani ya zauna da mijinta. Takardar kuwa daga gidan kula da tsofaffi ta fito. Wata takwas Farfesa ya yi yana bin layi, yana kiran tsofaffin ɗalibansa, har da waɗanda ya kayar a jarrabawa, kafin ya samo wa mijin yayarsa gado. Sun ce in Juma'a ta wuce ba a sa hannu ba, za su ba wani.

Mijin Yaya kowa Baba Mai Ƙofa yake kiransa. Ma'ajin kaya ne a wani kamfani kafin ya tsufa, amma ba wanda yake tuna wannan, har shi kansa. Abin da aka san shi da shi, shekara arba'in da biyu yana tsaye a ƙofar coci kowace Lahadi, yana tarbar masu shiga, yana nuna musu wurin zama. Shekara shida ke nan da ciwon mantuwa ya kama shi. Sunayen 'ya'yansa ne suka fara tafiya, sai hanyar banɗaki, sai sunan matarsa. Yanzu "'yar'uwa" yake ce mata, yadda yake ce wa kowace mace a coci.

Ƙofar ce kawai ta rage masa. In ba sujada, ba zai tashi daga gado ba, ba zai yi wanka ba, ba zai ci ba, ba zai haɗiyi magani ba. Don haka kowace safiya da ƙarfe bakwai Yaya take jera kujerun roba shida a falo, layi biyu. Maƙwabciyarsu Tela takan leƙo, wani lokaci da wasu. Waƙa ɗaya, karatu kaɗan, addu'a. Minti goma sha biyar, an tashi.

"Ka ji da kyau," in ji Yaya, tana ninke zannuwa a jakar asibiti. "Kwat ɗinsa na bayan ƙofa. Ƙwayar sukari bayan ya ci, ba kafin ba. Kuma ba ya zama sai an yi addu'a an ce amin. Tela za ta zo ta yi, kai dai ka zauna a kujera ka rufe bakinka. Na san wannan ne mai wuyar."

"Yaya, wannan wasan kwaikwayo ne fa. Kina da shekara saba'in da ɗaya. Kullum ki ɗaga ƙato, ki wanke, ki shirya, sannan ki buɗe masa coci a falo."

"Ba wasa ba ne."

"To mene ne? Ki ce masa yau Lahadi ce, ya tashi, ya sha shayi, shi ke nan. Bayan minti biyu ya manta."

"Ba na yi masa ƙarya. In na ce masa akwai sujada, to akwai sujada."

"Mutumin da bai san sunanki ba?"

"Ni na san nasa." Ta ja zif ɗin jakar. "Auta, takardar nan da kake ta ɓoyewa a bayan jarida, na gan ta tun da ka shigo. Ajiye ta. In na fito da raina mu yi magana."

Ita kaɗai ce take ce masa Auta, kuma duk lokacin da ta faɗa, digirorinsa uku sukan fita waje su jira shi.

Da ƙarfe shida na safe ta shiga tasi ita kaɗai, kamar mai zuwa cefane. Bakwai saura biyar sai ga Tela da littafinta a hammata da zare maƙale a gefen riga. Farfesa ya tare ta a bakin ƙofa da murmushin da yake sallamar ɗalibai da shi. Ya gode mata ƙwarai. Ya ce ya karanta abubuwa da yawa game da wannan ciwo, ya ce yau za a gwada hanya mai sauƙi, don a nuna wa Yaya cewa duk wahalar nan ita ta ɗora wa kanta.

Tela ta dube shi sama da ƙasa, yadda take duban wanda ya kawo yadi biyu yana son babbar riga.

"Farfesa, mai ɗaki fa shi ya san inda yake masa yoyo."

"Ni ma na san gini, Maman yara."

"To Allah ya ba da sa'a. Tunda kun sallame ni, bari in tafi asibiti in zauna kusa da ita. Ƙarfe tara za su shiga da ita."

Farkon abin ya tafi daidai, har Farfesa ya fara tsara yadda zai ba da labarin. Ya shiga ɗaki ya ce, "Baba, tashi, yau akwai sujada." Tsohon ya buɗe ido ya miƙe zaune. Ya yarda aka yi masa wanka, ya ɗaga hannu aka sa masa kwat, ya gyara kwala da kansa. Da suka fito falo ya wuce tebur, ya wuce shayi da burodi da ƙwai, ya tsaya a gefen ƙofa, ya haɗa hannuwa a gaba, ya ɗan sunkuyar da kai kamar mai sauraren takun da ke tahowa.

"Baba, ga shayi."

Tsohon ya juyo, ya gan shi kamar yanzu ya shigo. Fuskarsa ta washe.

"Sannu da zuwa, ɗan'uwa. Baƙo ne?"

"Ni ne ƙanin matarka."

"Madalla. Muna murna da zuwanka." Ya kama shi a gwiwar hannu da yatsu biyu, ya kai shi layin gaba, kujerar gefe. "Nan iska ta fi. Yanzu za a fara."

Ya koma ƙofa.

Farfesa ya zauna minti goma don a ga ya yi haƙuri. Sannan ya tashi ya ce an tashi daga sujada, kowa ya watse, saura shayi. Tsohon ya girgiza kai a hankali.

"Ba a fara ba."

Ya kai masa kofin har ƙofa. Baba ya dube shi da tausayi, irin wanda ake yi wa mutumin da ba a koya wa komai a gida ba.

"Ba a ci a nan, ɗan'uwa. Sai an tashi."

Ƙarfe takwas ya yi. Farfesa ya tuna cewa muna zamanin ci gaba. Ya ciro waya, ya nemo wani mai wa'azi yana addu'a da dukan ƙarfinsa, ya ƙure murya, ya ɗora a kan tebur. Baba Mai Ƙofa ya baro ƙofa a karo na farko. Ya tako a hankali, ba fushi ba hayaniya, ya ɗauki wayar, ya danna ta ta mutu, ya zura a aljihun cikin kwat, ya sa maɓalli.

"Za ka karɓa a ƙofa in an tashi."

"Baba, wayata ce!"

"Kowa haka yake cewa."

Mutumin da ya manta yadda ake riƙe cokali, bai manta yadda ake kashe wayar jama'a ba. Farfesa ya yi yunƙurin sa hannu a aljihun, tsohon ya riƙe masa wuyan hannu, ya gano cewa shekarun ɗaga kwalaye ba su tafi tare da sunaye ba. Ya nufi waje ko zai sami wani maƙwabci, Baba ya biyo shi har bakin matakala uku na ƙofar gida yana tangaɗi, yana cewa ba a fita yanzu. Dole ya dawo da shi, ko kuwa shi aka dawo da shi, bai tabbata ba. Unguwar ma shiru, kowa ya tafi aiki.

Wajen tara da rabi ƙafafun tsohon suka fara rawa. Idon sawunsa ya kumbura ya cika bakin takalmi. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, leɓɓansa suka bushe. Tun daren jiya ba abin da ya shiga cikinsa, ga ciwon sukari. Farfesa ya tura masa kujera a bayan gwiwa, ya ture ta da ƙafa. Ya roƙe shi, ya daka masa tsawa, ya sake roƙonsa. Ya tsaya a gaba ya ce da ƙarfi, "Amin!"

"Amin na me?" in ji Baba.

Tambaya ce mai kyau. Da ɗalibi ne ya yi ta, da ya ba shi maki.

To, in addu'a ake so, ai ba gagara ba ce. Shi ma a coci ya girma kafin ya je jami'a ya gano cewa ya fi kowa wayo. Ya tsaya a bayan tebur, ya rufe ido ɗaya, ya gyara murya, ya zubo jawabi mai kyau: godiya saboda wannan rana, albarka a kan shugabanni, salama ga duniya baki ɗaya. Jimlolin sun zauna daram, ba inda za a sa jan biro. Ya rufe da amin mai tsawo, ya buɗe ido.

Tsohon na tsaye, ya jingina kafaɗa da bango, bai ko sunkuyar da kai ba.

"Sanarwa ta yi tsawo," ya ce da murya ƙasa-ƙasa. "A yi addu'a mana."

"Addu'ar ke nan na yi!"

"Da mu kake magana, ɗan'uwa."

Shekara arba'in da biyu mutumin nan ya yi yana tsaye a bayan jama'a, ba ya ganin fuskar mai magana sosai, kunne kawai yake aiki da shi, don ya san lokacin da zai tura ƙofa ya hana masu latti shiga. Ko me yake saurare, bai ji shi ba tukuna.

Agogon bango ya nuna goma saura kwata. Sai a lokacin Farfesa ya tuna da kyau cewa tun ƙarfe tara yayarsa take kwance a ƙarƙashin wuƙa. Ita ta goya shi. Ita ta bar makaranta a aji huɗu don a tura shi. Da ya dawo hutu na farko ya sanar da ita a gaban mutane cewa addini maganin barci ne na talakawa, abin da ta ce kawai shi ne ya cire rigarsa ta wanke, wuyan ya yi datti. Ga shi ta bar masa aiki ɗaya tak, ya zauna ya yi shiru, ya kasa. In tsohon nan ya faɗi ya fasa kai, da wane baki zai gaya mata? In ma akwai wadda za a gaya wa.

Ya zauna a kujerar roba. Bai rufe ido ba.

"Ubangiji," ya ce, "ka san ba ma shiri. Ban zo da wani dogon zance ba. Matar nan tana can an buɗe mata ciki. Shekara shida tana wanke bawanka, tana canza masa zanin gado, yana tambayarta ko ita baƙuwa ce, ba ta taɓa fasa kiran sunanka ba ko sau ɗaya. Ni da ni ne, da tuni na kai ka ƙara. In kana nan, ka dawo mini da ita. Ba don ni ba, ni ban da abin da zan nuna. Kuma ka zaunar da tsohon nan, don girmanka, kafin ya faɗi, ni na jawo, na sani." Ya tuno yadda Yaya take rufe tata. "Cikin sunan Yesu, yadda take cewa."

Wani ƙaramin sauti ya ji a bayansa. Ƙofar falo ce aka tura ta rufu. Da ya waiga, Baba ya sa bayansa a jikinta, kansa a ƙasa, idonsa a rufe.

"Amin," in ji Farfesa.

"Amin," in ji tsohon. Ya lallaɓa ya zauna a kujerar ƙarshe ta layin baya, ya sauke numfashi. Bayan ɗan lokaci ya dubi tebur. "Yau ba a ba ma'aikata shayi ne?"

Shayin ya huce tun tuni. Ya shanye shi haka, ya ci burodi da ƙwai, ya haɗiyi ƙwayarsa ba gardama. Sannan ya ciro wayar ya miƙa, tare da gargaɗin kada a sake. Da Farfesa ya kunna ta, ya tarar da kiran Tela guda biyar da saƙo ɗaya: an fito da ita lafiya, tana barci.

Farfesa ya karanta saƙon sau uku. Ya gaya wa kansa cewa likitoci sun san aikinsu, kuma wannan gaskiya ne. Ya tafi kicin ya daɗe yana wanke kofi ɗaya.

Washegari da Tela ta zo bakwai saura biyar, ta tarar an jera kujeru, an share falo, Farfesa na zaune a layin gaba ya yi shiru. Waƙar da ta zaɓa mai baiti bakwai ce, kuma ba ta tsallake ko ɗaya ba.

Ran Alhamis da rana ta zauna da Baba, shi ya tafi asibiti. Ya sami Yaya a jingine da filo biyu, ta rame, leɓɓanta sun yi fari, ƙarin ruwa a hannu. Ya yi niyyar ba ta labarin a taƙaice, ta yadda zai fita da mutuncinsa, amma Tela, wadda ya yi kuskuren zayyana wa komai, ta riga shi.

"Sanarwa!" in ji Yaya. Ta fara dariya, ta dafe ciki. "Wayyo ɗinkina. Auta, za ka kashe ni. Shekara talatin kana yi wa 'ya'yan mutane sanarwa, sai da ka haɗu da wanda ya gaya maka."

"Ki yi a hankali. Da ya faɗi fa."

"Da ya faɗi da ka ɗaga shi. Sau nawa ya faɗi a hannuna?"

Ya ja kujera kusa da gadon. Takardar na aljihunsa, a ninke huɗu.

"Gobe Juma'a, Yaya."

"Na sani."

"Kwana uku na yi, bayana kamar an yi mini duka. Ke shekara shida. Likita ya ce ba ɗaga abu mai nauyi sai bayan wata biyu. Wurin nan mai kyau ne, na je na gani. Ba zunubi ba ne."

"Ban ce zunubi ne ba." Ta dubi ruwan da ke ɗiga. "Kana tsammani ni waliyyiya ce? Akwai safiyar da nake tsayawa da bokiti a hannu, in ji kamar in kwara masa in fita in bi titi. Akwai ranar da na gaya wa Ubangiji maganganun da naka na shekaranjiya wasan yara ne. Yana ji, bai kore ni ba."

"To me ya hana ki hutawa?"

"Kai kana ganin don shi nake jera kujerun nan. Da farko don shi ne." Ta gyara kwanciya da ƙyar. "Yini guda ni ce mai wanki, ni ce mai shara, ni ce mai goge abin da ba a faɗa. Amma ƙarfe bakwai in na fito daga ɗaki, mutumin nan zai dube ni kamar bai taɓa ganin abin da ya faranta masa rai irina ba. Ya ce sannu da zuwa, 'yar'uwa, muna murna da zuwanki. Ya kama hannuna ya zaunar da ni. Minti goma sha biyar ba mai neman komai a wurina. In faɗa wa Yesu abin da ke raina, in ji an karɓa, in tashi in ɗauki bokiti. Da wannan nake kai yamma. Ban taɓa roƙon ƙarfin shekara ba, Auta, na yini ɗaya nake roƙa, kuma ba a taɓa hana ni ba. A can wa zai buɗe masa sujada? Zai kwanta ya ƙi tashi, su sa masa roba a hanci. Ni kuma in zauna a falo da kujeru shida."

Farfesa yana da amsoshi. Yana da aƙalla huɗu, biyu daga ciki masu ƙarfi ne. Ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya ga duk sanarwa ce.

"Rana za ta zo da ba za ki iya ba."

"In ta zo, ni da bakina zan kira ka, ka sake bin layi. Ba taurin kai nake yi ba."

"Ta riga ta zo. Wata biyu ba ɗaga kaya."

"To, ni kaɗai dai ba zan iya ba." Ta dube shi ta gefen ido.

"Kada ki kawo mini karin magana."

"Ban ce komai ba."

Ya tashi ya fita baranda. Ya kira gidan tsofaffin, ya gode musu da dogon Turanci, ya ce a ba na bayansu. Matar da ta ɗauka ta tambaye shi ko ya san sai ya koma ƙarshen layi. Ya ce ya sani, ya saba da a zaunar da shi inda aka ga dama.

Da ya dawo Yaya ta rufe ido, amma ba barci take ba.

"Wata biyun nan ina ɗakin baƙi," ya ce. "Bayan nan Talata da Alhamis da Asabar. Wanka da ɗagawa nawa ne. Addu'a taku ce, ke da Tela, kada a sa ni a ciki."

"Tela na zuwa sarin yadi ran Asabar."

"Ke fa?"

"Ni ranar nake so in zauna kawai a yi mini."

"Yaya, ban fa ce na yarda da komai ba. Har yanzu ina da tambayoyi."

"Ka zo da su," ta ce, ba ta buɗe ido ba. "Sai dai ka taƙaita, ƙafafunsa ba sa jure tsayuwa."